Murjanina sun fara fari tun shigowar zafi, a taimaka da shawara

Baban Iman (Garwa):

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ajiye murjani da kifin teku a gida ku taimaka min kafin in yi asarar komai, wallahi abin ya fara hana ni barci. Akwariyum ɗina, wato tankin gilashin da nake kiwonsu a ciki, lita 250 ne har da ƙaramin tankin da ke ƙasa, wata goma sha ɗaya kenan da na haɗa shi, komai daga Duwala na sa aka kawo min, duwatsu da gishiri da murjanin kansu, wasu ma ni na riƙo su a kula a jirgin ƙasa har Gaundare sannan na hau mota zuwa Garwa, mutane sai kallona suke suna zaton magani na ɗauko. Tun daga lokacin har ƙarshen Fabrairu lafiya lau, har maƙwabta na turo yara kallo.

To yanzu sati uku kenan abubuwa sun rikice. Mai kan guduma ɗin nan, Euphyllia, da kawuna huɗu gare shi masu kauri, yanzu ba ya buɗewa sai rabi, kai ɗaya ma naman ya ja baya ana ganin farin ƙashin. Acropora, masu ƙashi da rassan nan, guda biyu da nake alfahari da su, ɗaya ya yi fari fat tun daga tushe zuwa sama cikin kwana biyu kacal, ɗayan kuma launinsa ya koɗe kamar atamfar da ta sha rana amma dai da sauran nama a jikinsa. Zoanthus, ƙananan masu laushin nan, rabinsu a rufe. Shi kuma na fatar nan, Sarcophyton, ya tsuke ya yi wani ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma. Kifayen dai, kilawun (masu ruwan lemo da ratsin fari) biyu da wasu ƙanana uku, suna cin abinci amma da azahar sai in ga suna numfashi da sauri.

Abin da na sani game da ruwan: ma'aunin zafi yana nuna digiri 27 da asuba, da la'asar kuma ya kai 30, ranar Talata da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe na ga 31 da rabi. Gishiri da haidiromita mai allura nake aunawa, kullum tana nan wajen 1.025. KH, wato ma'aunin yawan sinadarin da ke hana ruwa yin tsami, na auna tun watan jiya ya ba ni 8, ban sake ba don ruwan gwajin ya kusa ƙarewa ina tattalinsa. Da na ga sun fara lalacewa na ƙara musu wani ruwan abinci na murjani da aidin da na saya tun farko, kullum murfi ɗaya, na kuma ƙara ƙarfin fitila don wani ya ce min ƙila haske ne bai ishe su ba. Babu abin da ya canza sai ma gaba da abin ke yi. Kuɗin da na zuba a nan ko madam ban faɗa wa gaskiyar adadinsa ba, ku taimaka.

Ɗan Kusiri:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kai ma dai da ƙarfin hali, murjani a Garwa a watan Afirilu?? Mu da muke mutane ma narkewa muke ballantana abin da Allah ya ajiye a ƙarƙashin teku 😂 Ni da na ga taken na zaci murjanin wuya kake nufi irin na kakanninmu, na ce to wannan kuma yaya aka yi ya yi fari. Ni dai tarwaɗa nake kiwo a bayan gida, in ruwa ya yi tsami mukan ɗan jefa kanwa, ko za ka gwada kaɗan? Allah ya sawwaƙe, bari masanan su zo.

Malam Injamena:

Ɗan Kusiri ka rufa wa bawan Allah asiri, kar ya kuskura ya sa kanwa. Gaskiya ne akwai sinadarin da ke ɗaga KH a cikinta, amma haɗe take da ƙasa da wasu gishirai da ba wanda ya san adadinsu, tarwaɗa za ta shanye, murjani ba zai shanye ba. Murjanin wuya kuma da ka ambata ai danginsu ne, ja ne da ake cirowa daga tekun Bahar Rum, sai dai shi ba ya dogara da hasken rana kamar waɗannan.

Baban Iman, sannu da jarrabawa. Shekarata ta shida kenan da wannan wahalar a Injamena, kuma zafinmu da naku ɗan juma ne da ɗan jummai, duk shekara daga Maris zuwa Mayu sai mun wuce 40 a inuwa. Na kashe murjani da yawa kafin in gane kan abin, don haka abin da zan faɗa maka da aljihuna na saye shi.

Tun yau ka rufe kwalaben nan biyu na abincin murjani da aidin ka ajiye su nesa, ka mayar da fitila yadda take da, kai ka ma rage ta ƙasa da haka, kamar kashi 30 cikin ɗari, ka kuma rage awannin da take kunne. Ga dalili. Launin da kake gani a jikin murjani yawancinsa na wasu ƙananan tsirrai ne da ido ba ya gani da ke zaune cikin namansa, suna amfani da haske su yi abinci su ba shi, shi kuma ya ba su masauki. In ruwa ya yi zafi aikin nasu sai ya birkice, su fara fitar da abin da ke ƙona naman mai masaukin, shi kuma sai ya kore su waje, shi ne farin da kake gani. Kuma yawan haske yana ƙara tsananta wannan ƙunar, kenan da ka ƙara fitila fetur ka watsa wa gobara. A teku ma haka abin yake, digiri ɗaya kacal sama da zafin da suka saba da shi a bazara, in ya ɗauki makonni, ya isa ya farar da su, abin da ya faru kenan a babban tudun murjanin Ostireliya a 2016 da 2017, kuma a Afirilun 2024 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan farin gaba ɗaya. To in teku da faɗinsa bai tsira ba ina ga lita 250 a falo.

Abin da ake so 25 zuwa 26, a ƙasarmu in ka iya riƙe shi a 27 ko 28 ba ya motsi za ka zauna lafiya da yawancinsu. Amma hawan nan da ruwanka ke yi har 30 kowace rana ya yi musu yawa. Numfashin kifin ma daga nan ne, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga shi in kuran ya tafi famfo ya tsaya ruwan ya kwanta shiru.

Ka duba Acropora ɗin nan da kyau don farin iri biyu ne. Wanda ya koɗe amma da nama a jikinsa yana raye, in yanayi ya gyaru zai iya dawo da launinsa cikin watanni. Wanda kuwa naman ya saɓule daga tushe cikin kwana biyu, wannan ba koɗewa ba ce, mutuwar nama ce mai gudu, in da sauran reshe mai rai ka karye shi da filaya can sama da inda farin ya tsaya ka manna a wani dutse, sauran ka fitar da shi daga ruwan yau ɗin nan. Na fatar kuma kar ya tsorata ka, al'adarsu ce su tsuke su yi wannan kakin su saɓe kamar maciji, ka juya masa famfo ruwa ya riƙa bugunsa kaɗan. Sai dai in ransu ya ɓaci suna sakin wani abu a ruwa da ke takura wa masu ƙashi, saboda haka ka sa gawayin tace ruwa sabo.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai haidiromitar nan taka ce da ka ce KULLUM tana 1.025. A wannan rani da iska ta bushe ƙamas, ba ruwan da ke zama wuri ɗaya haka. Allurar nan in gishiri ya daskare mata ko kumfa ya maƙale sai ta yi ta ba ka labarin da kake son ji. Lita nawa ke ƙafewa a rana? Da wane ruwa kake cikawa? Kuma wa ke cikawa in ba ka nan?

Baban Iman (Garwa):

Malam Allah ya saka da alheri, na rage fitilar tun ina karantawa. Wallahi tambayarka ta ƙarshe ta sa gabana ya faɗi. Da ma tun da zafi ya shigo na ɗora ƙaramar fanka a bakin tankin, tana taimakawa amma ruwa na ƙafewa kamar lita 4 a rana. Ni in ina nan da ruwan injin osmos, mai tace ruwa ya cire gishiri da datti, nake cikawa. To a tsakiyar Maris na yi tafiyar kwana takwas Yawunde, na bar wa ƙanina amana, na nuna masa bidon biyu a sito, shuɗi na ruwan daɗi, fari na ruwan gishirin da nake haɗawa don canji. Yanzu na kira shi na tambaye shi, wai shi a tunaninsa tunda kifin teku ne ai ruwan gishiri ya kamata a ƙara musu, da farin bidon ya yi ta cikawa har ya ƙare, da ya ƙare kuma ya koma ɗibar ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, na tsakar gida kwana biyun ƙarshe. Ban ma iya yi masa faɗa ba don ni ne ban yi masa bayani ba, cewa kawai na yi in ruwa ya sauka daga layin nan ka cika.

Na je wajen wani abokina da ke aikin gwaje-gwaje na aro rifiraktomita, wani ma'aunin gishiri da ake leƙawa da ido, ya nuna 1.029, haidiromita tawa kuma a ruwa ɗaya tana nan daram a 1.025 ko kunya babu. Na matse sauran ruwan gwajin KH ya ba ni 6 da ɗigo 2. Yanzu in kwashe ruwan in zuba na daɗi da yawa lokaci guda ya dawo daidai ko yaya? Kuma ina da bikarbonat na kanti a kicin, zan iya amfani da shi?

Maman Hanif (Marwa):

Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kafin Malam ya dawo bari in tsoma baki a gefen da maza ba ku cika lura da shi ba. Nawa ƙarami ne, lita 90, masu laushi kaɗai nake ajiyewa, zoanthus da masu kama da laimar kwaɗi, don na daɗe da haƙura da Acropora, wannan sai mai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa. Shekarar farko nawa suna ta rufewa ba dalili, gwaji duk lafiya, ashe maganin sauro ne. Kowace magariba yara su fesa a falo su rufe ƙofa, injin kumfar nan mai cire datti daga ruwan tanki kuwa iskar ɗaki yake zuƙa ya cusa cikin ruwa, kenan da hannunmu muke ɗura musu guba, jatan landena biyu a dare ɗaya suka tafi. Maganin feshi da na kunnawa duk ɗaya ne, ba sa shiri da halittun ruwa ko kaɗan. Har turaren wuta na daina sawa a ɗakin, ku kuma mutanen Injamena da ba a raba ku da kasko sai ku ji da kyau 😄 Ka tambayi madam cikin dabara ko ana fesa wani abu a falon. Da hannu ma, in ka shafa mai ko turare ko ka taɓa sabulu kar ka tsoma sai ka ɗauraye sosai da ruwa zalla.

Sai ruwan foraj ɗin nan. Kwana biyu ƙila bai yi ɓarna sosai ba amma ka duba ko kan famfon na tagulla ne ko farin ƙarfe mai ruwan zinariya ɗin nan, don jan ƙarfe ko ɗan mitsitsi ne yana kashe murjani da katantanwa. In katantanwarka suna nan suna yawo a gilashi to da sauƙi. Shi ma injin osmos ɗin ka auna ruwan da yake fitarwa da ɗan alƙalamin TDS mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, sifili ake so ko kusa da shi, ƙurar hunturun da ta wuce da ruwanmu mai nauyi suna cinye matatar da wuri, tawa ba ta kai yadda aka rubuta a kwali.

Na zafi kuma ni gorar ruwa nake daskararwa a firigo in jefa cikin tankin ƙasa da azahar, a rufe ruf ba a buɗe ba. Wani abu kuma dan Allah, in za ka taɓa zoanthus ka sa safar hannu ka kare idonka, wasunsu na da dafi mai tsanani, kar kuma a ce za a tafasa dutsen da suke kai ko a kankare shi a cikin ɗaki, tururin kaɗai ya kai mutane asibiti a ƙasashen waje. Ga ka da ƙananan yara.

Malam Injamena:

To ai ga ɓarawon an kama. Lissafin ma ya fita: lita 4 cikin 250 a rana, ruwa ne ke tashi gishiri na nan zaune, in ka cika da ruwan gishiri kullum kana ƙara kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, kwana shida ko bakwai ya isa ya kai ka daga giram 35 a lita zuwa wajen 39, shi ne 1.029 ɗin da ka gani. Ƙaninka bai yi laifi ba, kowa haka hankalinsa zai ba shi. Ni yanzu da fenti na rubuta a jikin bidon.

Amma KAR ka sauke shi lokaci guda. Sun yi sati uku suna ƙoƙarin sabawa da wannan gishirin, in ka fizge shi a yini ɗaya ka sake dukansu a karo na biyu. Kowace rana ka ɗebe kamar lita 7 ko 8 na ruwan tankin ka mayar da na osmos a hankali, ban da wanda kake cikawa na ƙafewa, hakan zai riƙa sauke maka wajen 0.001 a rana, cikin kwana huɗu ka iso 1.025 ko 1.026 ka tsaya. Kuma rifiraktomitar aron ma ka tabbatar an saita ta, da ruwan saiti na 35 ya fi, in babu ko da ruwan osmos ne ka ga ta nuna sifili.

Bikarbonat na kicin yana yi, in dai zallansa ne ba yis ɗin kek ba, ka karanta jikin kwalin. Kamar cokalin shayi ɗaya da rabi, wajen giram 7, a narke a ruwan osmos, zai ɗaga lita 250 da KH ɗaya. Kar ka wuce haka a rana, ni ma rabin haka nake so, ka zuba a inda ruwa ke gudu. Ka nufi 8 ka zauna nan. Amma sai ka sayi sabon ruwan gwaji tukuna, wannan tattalin da kake yi shi ya fi komai tsada, duk abin da ba ka iya aunawa kar ka zuba shi. In kayan gwajin sun iso ka duba kalsiyum, 400 zuwa 450 ake so, magneziyum wajen 1300, sannan nitirat da fosfat, don ruwan abincin da ka yi ta zubawa murfi-murfi ba mamaki ya ɗaga su. Kar dai ka bi su da magani har su koma sifili, murjanin da ya koɗe yunwa yake ji, yana buƙatar ɗan abin da zai ci.

Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki kan ƙanƙara. A lita 90 naki tana aiki, amma gorar lita ɗaya da rabi a lita 250 da ƙyar ta sauke rabin digiri da ɗan wani abu, sai ya yi ta jigila kamar mai sayar da ruwan sanyi a tasha. Fanka ta fi ta nesa ba kusa ba a busasshiyar iskarmu, lita ɗaya in ta ƙafe tana tafiya da zafin da ya kai digiri biyu na tankinsa, shi ya sa randa ke sanyaya ruwa. Sharaɗin kawai a riƙa mayar da ruwan daɗi a kai a kai, safe da yamma ko da ɗan famfo mai cikawa da kansa. In damina ta kusa iska ta yi laima fankar za ta rage aiki, wannan kuma sai a sake lissafi. Ƙanƙara a bar ta don ranar da kuran ya tafi.

Shi kuran ɗin, kafin ka yi mafarkin injin sanyaya ruwa mai cin wuta, ka fara da batir ɗaya da ƙaramin fano na sola wanda zai riƙe fanka da famfon kaɗa ruwa guda ɗaya, waɗannan biyun ba su cin komai kuma su ne ran tankin. Ka buɗe murfin sama, ka ja labule, in da hali ka mayar da lokacin fitila dare daga magariba zuwa wajen ƙarfe biyu, zafin fitila kar ya haɗu da na rana. Ka kuma sa ido kan mai kan gudumar, in ka ga wani abu ruwan ƙasa kamar majina ya rufe kai ɗaya, ka zuƙe shi da tiyo ka yanke kan gaba ɗaya a wajen tanki, yana yaɗuwa zuwa sauran cikin kwana ɗaya ko biyu.

Baban Iman (Garwa):

Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana tara. Gishiri ya sauka 1.026 tun ranar Juma'a, KH 7 da rabi ina binsa a hankali, kayan gwaji sun iso daga Duwala ta hannun wani direba, nitirat ya ɗan hau amma ba can ba. Fanka biyu yanzu a kan batir, zafi bai wuce 28 da ɗigo 4 ba ko jiya da garin ya yi kamar tanda. Hajiya kin yi gaskiya, ashe kullum ana fesa maganin sauro a falon bayan isha'i in na fita majalisa, yanzu an koma gidan sauro, an ɗan yi min ƙorafi amma an wuce wurin.

Acropora na farko ya tafi, reshen da na karya ma bai yi ba, kwana biyu ya bi sahu. Na biyun yana nan fari-fari amma da dare da tocila ina ganin ƙananan bakunansa sun fito. Na fatar ya saɓe kamar yadda Malam ya ce ya buɗe ya fi da girma, zoanthus saura kaɗan ne a rufe. Mai kan guduma na yanke kai ɗaya da ya fara majinar nan, ukun suna nan suna ɗan kumbura. Haidiromitar na ba Iman tana wasa da ita a baho.

Malam tambaya ɗaya ta rage, fitilar yaushe zan fara mayar da ita yadda take, kuma kashi nawa a sati? Sannan ɗan famfon nan mai cika ruwa da kansa da ka ambata, ana samunsa a Injamena ko Kusiri ne in sa a karɓo min, ko shi ma sai Duwala?